Mai Takaba a Ƙarshen Layi

Zukiswa: Halo? Lonwabo? Halo, kana ji na?

Lonwabo: Sisi yayata! Tsaya in hau dutsen nan na bakin shingen shanu. Yauwa, yi magana yanzu.

Zukiswa: Na ce kana ji na?

Lonwabo: Ras nake jin ki. Ina wuni, Sisi?

Zukiswa: Lafiya lau, Auta. Ya gida? Ya sanyi?

Lonwabo: Sanyi kam sai godiya. Duwatsun Tsomo duk sun yi fari, da safe sai an fasa ƙanƙara tumaki ke shan ruwa. Ya Cape Town?

Zukiswa: Ruwa dai, kwana huɗu ba mu ga rana ba. Kayan aikina ma a jiƙe na saka su. An je coci?

Lonwabo: Yau dai ban samu zuwa ba. Ya tsofaffinki na gidan kula da tsofaffi?

Zukiswa: Suna nan, sun ci sun ƙoshi suna barcin rana, shi ne na fito bayan kicin na ce bari in ji ku. Ya tunkiyar nan mai ɗingishi?

Lonwabo: Ta warke. Sisi, in kina da magana ki yi sauri, an ɗauke wuta tun ƙarfe goma. Kin san halin ƙarfen sabis ɗinmu, awa uku yake yi shi ma ya bi ta, shi ke nan sai gobe.

Zukiswa: To, a gurguje. Na yanki tikitin bas, ranar Alhamis zan taso, Juma'a da hantsi ina gida. Na sayo wa Mama yadi shuɗi, an ɗinka har da ɗankwali. Ranar Asabar in an cire mata baƙaƙen kayan takabar nan, ina so dangin Tata, marigayi babanmu, su ga mace, ba inuwa ba. An jiƙa hatsin giya?

Lonwabo: An jiƙa.

Zukiswa: Ragon fa?

Lonwabo: Yana ɗaure.

Zukiswa: Kai, yau me ya same ka? Magana ɗaya ɗaya kamar ana sayar maka da ita. Ba ni Mama mu gaisa.

Lonwabo: Tana barci.

Zukiswa: Mama? Da rana tsaka? Matar da ke cewa barcin rana na ragwaye ne? To ba ni Dabawo, in gai da ƙanwar ubana kar ta ce na yi girman kai.

Lonwabo: Dabawo ta gangara rafi ɗebo tazargade, wanda muke da shi ya ƙare.

Zukiswa: Ya ƙare? Damin nan da na bari rataye a kicin?

Lonwabo: To ai, sirace safe da yamma...

Zukiswa: Wa ke sirace?

Lonwabo: Halo? Sisi, kamar layin yana...

Zukiswa: Kar ka raina min hankali, layin lafiyarsa ƙalau, ina jin kukan tumaki a bayanka. Wa ke sirace?

Lonwabo: 'Yar mura ce ta kama Mama.

Zukiswa: Tun yaushe?

Lonwabo: Kwana tara.

Zukiswa: Kwana nawa? Uku?

Lonwabo: Tara, na ce.

Zukiswa: Wayyo Allah! Kwana tara! Lahadin da ta wuce na kira ka, ka ce min tana tare da baƙi!

Lonwabo: Ai tana tare da baƙin, sun dawo duba ta. Su suka kawo mata ita ma. Matan zumunta ne suka zo yi mata addu'a waccan Alhamis, su goma sha biyu a ɗaki ɗaya, an rufe ƙofa saboda sanyi, rabinsu na tari. Suka yi waƙa awa biyu suka tafi. Washegari ta tashi da rawar ɗari.

Zukiswa: Tsaya. Ka amsa min abin da zan tambaye ka, ban da kwana-kwana. Tana cin abinci?

Lonwabo: Jiya ta sha cokali uku na nono.

Zukiswa: Maganin sugarta fa?

Lonwabo: Tana sha in ba ta amar ba.

Zukiswa: Abin shaƙarta na asma?

Lonwabo: Tana ta fesawa, ta ce bai kai wa ƙasa.

Zukiswa: Tana iya kwanciya miƙe?

Lonwabo: A zaune take kwana, mun jingina ta da bango da bargo uku.

Zukiswa: Leɓenta, wane launi?

Lonwabo: Haba Sisi, ni likita ne? Ɗakin ma duhu ne.

Zukiswa: Shekara goma sha shida ina wannan aikin, Lonwabo. Na san abin da ake nufi in tsohuwa ta kwana a zaune. Ba mura ba ce yanzu, ta sauka ƙirji. Mace mai shekara saba'in da huɗu, ga suga ga asma, kun sa ta gaba da ganye da tukunya! Kai, ashe ba a yi mata allurar rigakafin mura ta bana ba ke nan?

Lonwabo: Ba a yi ba.

Zukiswa: Na sani! Wallahi na sani! Shekara goma sha ɗaya, duk watan Afrilu Tata ke sa ta a mota ya kai ta sha-ka-tafi, su dawo suna gasar wanda hannunsa ya fi kumbura. Ko sau ɗaya mura ba ta kwantar da ita ba, iyaka ta yi atishawa kwana biyu ta miƙe. Bawan Allah ya rufe ido wata huɗu kawai, kun kasa abu ɗaya. Allura kyauta! Dabawo ce ko? Ita ta zauna a bakin ƙofa ta ce mai takaba ba ta fita? Matar da ta binne miji biyu ta mai da takaba sana'a!

Lonwabo: Kin gama?

Zukiswa: Ban gama ba! Kai kuma ƙato da kai, da gemu, kana tsoron tsohuwa mai sanda.

Lonwabo: Mama ta je allurar, Sisi.

Zukiswa: Me ka ce?

Lonwabo: Ta je. Sau biyu. Dabawo ce ma ta tashe mu, ta dafa mata shayi a filas. Ranar farko ƙarfe shida saura muna bakin get, ko mai gadi bai zo ba. Ita ce ta farko a duk ƙasar nan.

Zukiswa: To me ya faru?

Lonwabo: Kin manta kayan da ke jikinta? Mai takaba ba ta ba mutane baya. Ba ke kika tsaya kan a ba ta kujerar ƙarshe a coci ba, don kar wani ya zauna a bayanta? To layi fa? Ina ake tsayawa a layi ba a ba wani baya ba?

Zukiswa: Kar ka ce min...

Lonwabo: Wata mata ta zo, Mama ta matsa gefe ta ce shiga gabana. Wani tsoho ya zo, ta matsa. Tasi ta sauke mutum goma sha biyar, ta koma bayansu. Wata tasin ta zo, ta sake komawa. Ina ji wani dattijo yana cewa, Allah ya yi miki albarka, uwa, ke kam kin san gidan da kika fito. Ya shige gabanta yana murmushi. Wasu kam ko kallonta ba su yi ba, tsalle suke kar inuwarta ta taɓa su. Ƙarfe ɗaya nas ta fito ta ce allura ta ƙare, sai an kawo wata. Mama tana nan a jikin wayar shinge, inda aka fara ta nan aka ƙare ta.

Zukiswa: Kai kana ina? Kana ina ana wannan?

Lonwabo: Na tsallaka sayo maganin kaskar tumaki. Na ce ai ita ce ta farko, kafin in dawo an sallame ta. Laifina ne, na ɗauka, ba sai kin ɗora min ba.

Zukiswa: Ba ka da hankalin ka tsaya mata a layin?

Lonwabo: Karo na biyu na tsaya. Bayan sati biyu aka ce an kawo ɗan kwali ɗaya. Na bi layin da kaina, awa huɗu, har na kai bakin ƙofa. Na ɗaga mata hannu, Mama, taho! Tana can ƙarshe. Ta dubi mutanen da ke tsakaninmu, sun fi hamsin, duk sai ta ratsa su ta bar su a bayanta kafin ta iso ni. Ta kalle ni ta girgiza kai.

Zukiswa: Sai ka ce nas ta fito mana! Allura ce, ba tiyata ba, a tsaye ma ana yi!

Lonwabo: Na ce. Ita kaɗai ce a ciki, ga masu ciki ga masu tarin fuka a kan benci. Ta ce in ta gama da na ciki za ta fito wa Mama. Kuma ta cika alkawari, ta fito, da kwali ba kome a hannunta. Har ta riƙe hannun Mama tana ba ta haƙuri. Mama ce ma ke ce mata ba kome, 'yata, waɗanda suka samu ma 'ya'yan wasu ne.

Zukiswa: Ash! To me ya hana ka gaya min? Ana yin ta a kemis a garin Komani, ba sai an bi layi ba, a shiga a fito. Da kun je can!

Lonwabo: Sisi.

Zukiswa: Me?

Lonwabo: Da gaske kike, ko gwada ni kike?

Zukiswa: Gwada ka da me?

Lonwabo: Ranar da muka dawo na aiko miki saƙon murya. Na ce allura ta ƙare, sai dai kemis a Komani, kuma tafiyar da hanyarmu ba lallai mu dawo kafin rana ta faɗi ba, alhali an ce kar faɗuwar rana ta same ta a waje. Na ce ke ce babba, ki yanke. Har yanzu amsarki na cikin wayata. In kunna miki?

Zukiswa: Ni ban tuna...

Lonwabo: Daƙiƙa bakwai ce. Kika ce, "Auta ina aiki, a bari sai an cire kayan, ba na son surutun dangin Tata." Ana ma jin ƙarar faranti a bayanki.

Zukiswa: Ban san ta je sau biyu ba! Ba ka ce min ta tsaya a jikin waya ba!

Lonwabo: Saƙona minti huɗu ne. Ki duba, ko kin ji shi har ƙarshe.

Zukiswa: Lonwabo, ka san ranar da... a makon ne ake yi wa tsofaffinmu tasu, ni kaɗai ce a bene na biyu...

Lonwabo: Na sani sarai. Ai kin ba ni labari ranar Lahadi kina dariya. Mutum arba'in da biyu, kika nannaɗe musu hannun riga ɗaya bayan ɗaya. Nas ce ta zo musu har gado. Wata tsohuwa Misis Fourie ta ɓuya a banɗaki, kika lallashe ta da biskit har ta fito. Kika ce ba wanda ya tsere miki ko ɗaya. Ina sauraron ki, Mama tana gefena tana jiƙa ƙafarta a ruwan zafi saboda tsayuwa.

Zukiswa: Ya isa.

Lonwabo: Bai isa ba. Wata huɗu ina haɗiye shi. Kullum Lahadi ki kira, an yi kaza? An sayi kaza? Ku na birni ba ku da aiki sai ba da umarni ta waya. Ni ke fasa ƙanƙara, ni ke zubar da fo, amma ni ne ƙato mai tsoron tsohuwa. Kuma wa ya ja takabar nan ta kai wata huɗu? Ranar jana'iza Mama cewa ta yi wata ɗaya ya isa, Tata ma ba ya son baƙin kaya. Baffanninmu suka yi gunaguni wai 'ya'yan Cape Town sun lalata gida. Wa ya miƙe a gaban mutane ya ce uwata za ta yi ta cif, ba za ta karya ko ƙwaya ɗaya ba, in ga bakin da zai sake magana?

Zukiswa: Ni ce.

Lonwabo: Kika hau bas ranar Litinin.

Zukiswa: Ni ce, na ji. Ka zage ni ranar Juma'a in na zo, ka tara mutane ka zage ni, zan tsaya. Yanzu dai ka sauko daga dutsen nan, ka tayar da a-kori-kurar Tata, ka kai ta babban asibiti. Yau. Ba gobe ba. Tana bukatar iska da ƙarin ruwa, tazargade ba zai taɓa abin da ke ƙirjinta ba. Akwai mai a motar?

Lonwabo: A cike take tun ranar Laraba. Na shimfiɗa katifa a baya, na cire, na sake shimfiɗawa. Ta ƙi.

Zukiswa: To a kawar da Dabawo daga ɗakin, ka ga in ba ta yarda ba.

Lonwabo: Dabawon da kike zagi, yau da safe da gwiwoyinta ta durƙusa gaban katifa. Ta ce, matar yayana, ni ce mai cire miki kayan, na yafe miki kwana shidan, tashi mu tafi. Mama ta ce a'a. Ta ce in aka kwantar da ita, ta kwana a waje ke nan. Kuma wata yarinya mai safar roba ce za ta tuɓe mata kayan mijinta, ta cusa a leda, ta sa mata rigar nan mai buɗaɗɗen baya. Ta ce ta riƙe wata huɗu, ba za ta zubar a bakin ƙofa ba.

Zukiswa: Kwana shida! Ba ta da kwana shida, Lonwabo!

Lonwabo: Ta ce, 'yata ta yi magana a gaban maza, ba zan sa ta zama maƙaryaciya ba.

Zukiswa: Wayyo ni. Me ya sa ba ka kira ni ba? Me ya sa?

Lonwabo: Ta rantsar da ni. Ta ce in na tayar miki da hankali kika baro aikinki, ba ta yafe min ba. Yanzu ma ba ni na faɗa ba, tazargade ne ya faɗa.

Zukiswa: Kai mata wayar.

Lonwabo: Sabis ba ya shiga ɗakin sosai.

Zukiswa: Ka tsaya a bakin taga ka miƙa hannu! Kai mata!

Lonwabo: To, ina tafiya. Kar ki yi mata ihu, Sisi... kina ji... karen nan, matsa... Mama? Mama, Sisi ce. A'a, ban faɗa ba, ita ta gane. Ga ta, na riƙe miki.

Zukiswa: Mama? Mama, ni ce.

Mama: Zukiswa... 'yata. Ya... ruwan sama?

Zukiswa: Mama, bar ruwan sama. Ina jin numfashinki tun daga nan. Ki bari Auta ya kai ki asibiti, don Allah.

Mama: Asabar... ta kusa.

Zukiswa: Mama, maganar da na yi ranar jana'iza, haushi ne, ba hankali ba. Na janye ta. Kin ji? Na janye. Zan tsaya gaban baffannin nan ɗaya bayan ɗaya in ce ni na karya, ba ke ba. Su kira ni abin da suka ga dama.

Mama: An ɗinka... shuɗin?

Zukiswa: An ɗinka, yana cikin jakata, har da ɗankwali. Wa zai saka shi in ba ki tashi ba? Mama!

Mama: Ke fa... kina cikin masu tari... kullum. An yi miki... taki allurar?

Zukiswa: An yi min, Mama.

Mama: Yaushe?

Zukiswa: Tun Afrilu.

Mama: Madalla. Hankalina... ya kwanta.

Zukiswa: Mama, ki saurare ni... Mama? Wannan tarin fa? Lonwabo! Ɗaga ta zaune! Lonwabo!

Lonwabo: Na ɗaga ta. Sisi, na buɗe labule, na ga leɓen. Ya yi duhu, kamar ta sha... har farcenta ma.

Zukiswa: Wayyo Allah na!

Lonwabo: Ki saurare ni, layin yana tsinkewa. Zan iya ɗaukar ta, ba ta fi tunkiya nauyi ba yanzu. Amma tana riƙe da rigarta da hannu biyu tana kallo na. In na ɗauke ta da ƙarfi ta cika a can cikin rigar asibiti, ni za ta tafi tana kallo haka, ni kuma za a nuna har in mutu. Ba zan ɗauka ni kaɗai ba. Ke ce babba. Wancan karon kin ce a bari. Yanzu ki faɗa da bakinki, in sa a kunnenta ta ji. In ɗauke ta ko in... halo? Sisi? Ki... magana... ba na...

Zukiswa: Ɗauke ta! Na ce ka ɗauke ta, ni na ce!

Lonwabo: Sisi? Kin yi shiru. Sis...

Zukiswa: Ban yi shiru ba! Ɗauke ta, Lonwabo! Ka ji ni? Auta? Halo? Halo!